Lasifikokin Baba da Kunnuwana

Asabar, 3 ga Mayu

"Ki daina juya kai, Uwata. Kai a tsakiya, ido a rufe."

Da wannan Baba ya tare ni, ko jakata ban ajiye ba. Ya zaunar da ni a kujerarsa guda ɗaya tal da ke tsakiyar ɗakin sauraro, ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannuwa kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Ya gama lasifikokin. Tun da ya yi ritaya yake gareji yana fama da katako da dalma, yau ga su a tsaye su biyu, kowace ta kai mini ƙirji, sai sheƙi suke. Tunda ba mai karanta wannan sai ni, bari in faɗi gaskiya: sun yi kyau. Ba a ganin ƙusa ko ɗaya. In ka shafa kusurwa ba ka jin inda katako ya haɗu da ɗan'uwansa. Ubana ne ya yi wannan, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sa hannu a takardun ofis.

Sai ya ɗora allura a faifai. Wata mata ce da fiyano. Duk "s" ɗin da ta furta kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Har cikin haƙorana na ji.

Ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Katakon nan, Baba, a ina ka samo shi?" Ya shiga ba ni tarihin katako, na tsira.

Lahadi, 4 ga Mayu

Kunnena na dama bai huce ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Wata abokiyar aikina ta tambaye ni wai me Baba yake yi tun da ya bar aiki. Na ce yana zaune a ɗaki shi kaɗai yana kallon bango da ido a rufe. Ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Ta ina zan fara mata bayani? Su 'yan tsiraru ne, duk dattawa, kowa da ɗakinsa na sauraro. Asabar ɗin ƙarshen wata sukan haɗu gidan ɗaya daga cikinsu, bi da bi. Ana kashe wayoyi. Ana cire firij daga wuta, wai gurnaninsa yana shiga sauti. Ba mai tari sai faifai ya kai ƙarshe. Daga nan kowa ya juyo ya kalli Baba.

Alƙali suke kiransa, don abin da ya faɗa a kan ɗakin mutum ya zauna. Kawu Likita, mai cire haƙori, ya taɓa sauke labulayen matarsa kaf saboda Baba ya ce suna shanye murya. Akwai kuma wanda suke kira Mai Waya, wanda yake ɗora wayoyin lasifikarsa a kan ƙananan katakai don kada su taɓa ƙasa su ɗauki datti a sauti. Shi ma da Baba ya ce masa wannan camfi ne, bai yi musu ba, sai dai bai cire katakan ba.

Ina yi musu dariya tun ina 'yar makaranta. Amma in na ga yadda suke shiru in Baba ya gyara murya, wani abu yakan ɗan kumbura a ƙirjina. Ba na faɗa masa.

Wannan watan gidanmu ne. Ba wanda ya ji sababbin lasifikokin tukuna.

Asabar, 10 ga Mayu

Muna kicin da Umma, butar shayi ta fara fito. Baba yana tsaye dab da ita yana karanta jarida. Fito har na toshe kunne, shi ko gezau. Umma ta miƙa hannu ta gefensa ta kashe, ta dube ni.

Da ya fita ta ce, "Sai yau kika lura, Malama mai digiri?"

Ta ce ya daɗe haka. Abu mai kauri yana ji sarai, motar maƙwabci tun daga kwana yake gane ta. Amma siririn sauti ya tafi: tsuntsaye, ƙarar waya, buta. "Da muryata in na yi fushi. Shi ya sa kika ga mun daina faɗa."

To ashe haka ne. Ya yi ta ƙara wa ƙananan bakunan lasifikokin masu fitar da siririn sauti, wanda suke kira sama, ƙarfi har sai da ya ji su daidai. Da kunnensa ya auna, kamar yadda ya saba, kamar yadda dukkansu suke alfahari da yi.

Umma ta ce in bar shi da abinsa. Na ce ranar Asabar ɗin ƙarshen watan nan fa, in abokansa suka zo? Ba dariya za su yi masa ba, na san su. Yabo za su yi, su kalli juna a hanyar fita, daga ranar kuma su daina juyowa su kalle shi. Umma ta ce, "To ke za ki faɗa masa. Ni da shi nake kwana a gida."

Talata, 13 ga Mayu

Na gaya wa ɗalibi yau cewa ya faɗi, ina kurɓar shayi, ko ɗar ban ji ba. Wannan kuwa…

Asabar, 17 ga Mayu

Na yi. Kuma na yi shi irin na malaman jami'a, wato da hujja ba da tausayi ba.

Na sa wani sauti a wayata, mai farawa da kauri yana hawa a hankali har ya zama siriri. Na ce wasa ne, ya ɗaga hannu in ya daina ji. Ya yi murmushin mai tabbacin cin jarrabawa. Can sai ya ɗaga hannu, ya ce, "Ya ƙare."

Bai ƙare ba. Ni ina nan na runtse ido ɗaya, abin yana huda mini kai. Ya kalli fuskata, ya kalli wayar, ya ga layin yana ta tafiya.

Ya ce wayoyin zamani ba su da sauti. Na ce haka ne. Ya ce, "Ranar nan da kika tambaye ni katako." Ya gane abin da na kauce wa faɗa ranar.

Ya zare faifan, ya goge shi, ya mayar cikin kwalinsa. Ya ɗauko ƙyallen da yake rufe lasifikokin ya lulluɓe su ɗaya bayan ɗaya, har yana gyara kusurwa. Sannan ya ce, "Ki gaida gida."

Ni kaɗai nake zaune a gidana, ya sani.

Talata, 20 ga Mayu

Bai kira ba. Umma ta ce yana shirin gaya musu amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ta ƙone, a ɗage zaman. Alƙali da ƙarya. Ni na jawo.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ya kira. Ba gaisuwa. "Kina da aji gobe da yamma?" Na ce babu. "To ki zo da kunnuwan nan naki."

Asabar, 24 ga Mayu

Jiya da yau duk a ɗakin. Shi a ƙasa bayan lasifika, ya buɗe cikinta, tabarau a kan hanci, ƙarfen dalma a hannu. Ni a kujera kamar sarauniyar da ba ta nemi sarauta ba. Yakan cire wani ɗan abu mai zanen launi kamar ƙwayar magani, ya liƙa wani, ya sa waƙar nan daga farko, ya leƙo: "Yanzu fa?"

Matsalar farko ta yare ce. Shi yana tambaya ko "fili ya buɗe", ko "akwai iska a sama". Ni kuma ina cewa, "Matar ta rage tofa mini yawu." Da farko ya ɓata rai. Daga baya na ji shi da kansa yana tambaya, "Yawun fa?"

Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Ɗigon dalma ɗaya, mulmulalle, ya hura ya wuce. Na tsaya kallon hannun har na manta ana biyana da biskit don in saurara.

Bayan nan sai tura lasifikokin. A matso da ta hagu faɗin yatsa, a karkato ta dama, a manna salatif a ƙasa. Na ce masa da ɗalibaina za su gan ni, ni mai koyar da lissafi, ina auna duniya da yatsa, da na shiga uku. Ya ce in rufe ido da baki.

Sai ga matar. Ban san yadda zan rubuta ba. Lasifikokin suka ɓace, ita kuma tana tsaye a tsakiya, gaban kantar littattafai, bakinta daidai na mutum. Na ji ta ja numfashi kafin ta shiga baiti. Na buɗe ido don in tabbatar.

Na ce, "Nan ne. Kada ka ƙara taɓawa."

Muka yi musaya, ya zauna. Ya daɗe. Ya ce, "A wurina kamar an lulluɓe ta da bargo."

Na ce a hakan take daidai, Baba.

Ya ce, "To a bar ta haka." Ya tashi ya naɗe wayar ƙarfen dalmarsa.

Laraba, 28 ga Mayu

Rediyon motata ashe ba ya da kirki. Shekara da shekaru muna zaman lafiya da shi.

Asabar, 31 ga Mayu

Sun zo. Umma ta cire firij tana cewa in madara ta lalace Alƙali zai yanke wa kansa hukunci. Ni aka bar wa tiren shayi, na tsaya a bakin ƙofa.

Suka shafa katako, suka yi ta salati. Kawu Likita ya durƙusa yana neman ƙusa bai samu ba. Sannan suka zauna a kujerar ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe, kowa da waƙarsa. Daga ƙarshe allura ta ɗaga.

Kawu Likita ya yi gyaran murya. "Aiki ya yi, Alƙali. Ƙasa ta cika. Amma sama… kamar da ɗan hazo."

Mai Waya ya cafe: "Na faɗa a raina! Wayoyin nan ne, a ƙasa suke kwance."

Sauran suka gyaɗa kai. Wai ba ƙyalli, wai tana buƙatar a ɗaga ta.

Na bi su da kallo, furfura bayan furfura. Ƙaraminsu jikarsa tana ajina. Sai a lokacin lissafin ya zo mini, ni mai lissafi: da mun bar ta yadda take, da tafi za su yi. Na ƙona wa ubana rai don in kare shi daga mutanen da kunnensu ɗaya da nasa. Tiren ya yi mini nauyi.

Hanya a buɗe take gare shi. Ya ce yarinya ce ta sa baki, zai gyara, a yi dariya a wuce. Ni kaina da na yafe masa.

Ya ce, "Daidai take. Hazon nan ni ma shi nake ji, kuma ba a cikin katako yake ba. Uwata, kawo wayar nan taki."

Ya jera su kamar 'yan firamare. Sauti yana hawa, hannaye suna tashi ɗaya bayan ɗaya, nasa ne na biyu, bai ɓoye ba. Mai Waya kaɗai ya ƙi ɗagawa, ido a rufe, yana cewa, "Ina ji, ina ji sarai." Sai da na ce, "Kawu, na kashe tun ɗazu." Kawu Likita ya yi dariya har ya share hawaye.

Da suka lafa, sai na ga sun juyo suna kallon Baba, kamar kullum. Ya ce, "Ɗaki lafiyarsa lau. Masu sauraro ne suka tsufa. Hukunci ke nan."

Kawu Likita ya ce to wa ya daidaita ta? Baba ya nuna ni da haɓa. "Kunnena ne. Gado ta ci tun ina raye."

Na ce shayi zai huce. Na zuba wa kowa ban zubar da ko ɗigo ba, wannan ma abin a rubuta ne.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na biya gida daga aiki. Hanya ce ta bi da ni, in an yarda hanya tana zagaye rabin gari.

Akwai wani shago kusa da tashar bas mai sayar da tsofaffin faifai. Na ɗauki ɗaya, wani mai jita. Hoton kwalin ne ya burge ni, ba wani abu ba.

Baba ya juya shi gaba da baya, ya ce an ci zalinsa amma zai rayu. Ya goge, ya ɗora, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango yana kallon fuskata. Ya ce, "Faɗa mini abin da ke can sama."

Na faɗa masa. Ƙarar yatsa in ya zame a kan tsirkiya. Wani can baya mai kaɗa ƙaramar ƙararrawa sau ɗaya a kowane baiti, kamar yana jin kunya. Baba ya rufe ido yana gyaɗa kai, ya ce, "Ci gaba." Muka juya faifan.

Da na ɗauki jaka ya ce Kawu Likita ba zai iya jiran ƙarshen wata ba, yana so in je in ji ɗakinsa jibi. Na ce ina da takardun jarrabawa. Ya ce, "Bayan la'asar," kamar bai ji ba. Wataƙila bai ji ɗin ba. Wataƙila.

Ya miƙo mini faifan, na ce ya ajiye, ba ni da abin sa shi. Tukuna.

Takardun ba su da yawa, ban dai gaya masa ba. Na bar shi yana mayar da allura farko, na ja masa ƙofar a hankali har ta kama, na fita.