Santimita Shida

Zuwa ga aminina Hedimasta,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar? Ina fata ka daina yi wa likita gardama kamar ɗalibinka. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwoyina da ba sa yarda su lanƙwashe sai rana ta take.

Ka tambaye ni labarin gari. Garin da ka sani babu shi. In ka sauka a tasha yau, sai ka tambayi hanya kamar baƙo. Ka tuna tankin ruwan da muke kwatance da shi, wanda ake hangowa tun daga bayan gari? Yana nan, amma sai ka neme shi, ya koma kamar tukunya a tsakanin ƙafafun manya. Dogayen benaye bakwai suka tashi cikin shekara huɗu. Babbansu yana arewa da gidana, mita ɗari biyar da 'yan kai. Yau suna hawa na arba'in da takwas, wai sai sun kai hamsin da biyar.

Na so in raina shi, ka san halina. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana awon ƙasar garin nan taku bayan taku, aka sallame shi da takarda mai layi uku don ya ƙi sa hannu a taswirar da aka matsar wa iyaka, ba shi da dalilin yi wa ginin kowa tafi. Amma kullum na fito ƙofar gida sai wuyana ya ci amanata. Duk kwana shida sabon hawa. Injin ɗaga kaya yana can a ƙoli, ya ɗauki damin rodi da ya fi mota nauyi, ya juya da shi a hankali ya ajiye, ko ƙara ba ka ji. Mai tuƙa shi ɗigo ne kawai a cikin akwatin gilashi. Ranar da hadari ya haɗo, gajimare ya haɗiye hawa goma na sama, ana jin bugun guduma daga cikin gajimaren. Na tsaya a cikin yayyafi baki buɗe, har mai ɗakina ta leƙo ta ce in dai ba ɗaki zan kama a can ba, in shigo kafin mura ta kama ni ta bar mata jinya.

Akwai abin da ban taɓa rubuta maka ba. Auta a can take aiki. Ita ce mai awon ginin, ita ke tabbatar da kowane hawa ya zauna daidai a kan na ƙasansa. Na hana ta karatun safiyo, ta yi. Na ce mata aikin nan ba ya riƙe mai gaskiya, ta ce to, Baba, bari in gani da idona. Wata goma sha takwas ke nan ban taɓa ce mata yaya aiki ba. Duk Juma'a takan zo cin abinci, ta ajiye hular kwanonta a kan kujera, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Shekaranjiya na jawo tsohuwar na'urata mai ƙafa uku daga ƙarƙashin gado, na goge madubinta. Ba don komai ba, ina so in ga ko idona yana nan. Saman rufinmu da safe na mai ɗakina ne da shanyarta, ta ce ƙafafun na'urar suna kama mata zannuwa, saboda haka sai bayan la'asar nake hawa.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Tsohon Safiyo

Aminina Hedimasta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Taka ta iso. Ka ce tsufa ya sa na koma wasa da kayan aiki. Da ma wasan ne.

Benen a karkace yake. Na saita na'ura a kan kusurwarsa ta ƙasa, na bi ta har sama, na tarar ƙolin ya kauce gabas da santimita shida. Na zargi idona, na zargi na'urar, na zargi rufina. Na sake saitawa, na juya madubin na auna ta ɗaya fuskar kamar yadda aka koya mana. Kwana tara a jere, lambar ba ta sauya ba. Santimita shida bai kai tsawon ɗan yatsanka ba, na sani. Amma ginin da ya fara kwanciya ba ya tashi da kansa, kuma mutum ɗari uku ke hawansa kowace safiya.

Ran Juma'a na jira ta gama cin abinci, na shimfiɗa mata littafina a kan tebur. Ta karanta a hankali, ta bi lissafin da yatsa, ba ta sami kuskure ba. Sai ta ɗago ta tambaye ni da ƙarfe nawa nake aunawa. Hedimasta, raina ya ɓaci. Na ce mata tun ba a san za a haife ta ba nake awo, kuma lamba ba ta san agogo ba. Ta ce Baba, ka ba ni minti biyu in yi maka bayani. Na ce irin bayanin nan na sha shi a ofis, daga bakin mutane masu manyan riguna, duk ranar da ake so ƙarya ta zauna a takarda. Uwarta ta ce kai dai Malam, ka bari yarinya ta kai aya mana. Na tashi na shige ɗaki.

Litinin na kai takardar ƙorafi hukumar kula da gine-gine, da lambobin duka, da sa hannuna. Na san sunan wa ke ƙasan takardun awon ginin. Na san in an tabbatar da maganata aikinta ya ƙare, kuma ba wanda zai sake ba ta ko katangar kewaye ta auna. Na gaya wa kaina rayukan mutane sun fi aikin 'yata, kuma gaskiya ne.

Amma kai kaɗai zan gaya wa sauran gaskiyar. Da na fito daga ofishin nan na ji wani daɗi da na daɗe ban ji ba. Na ɗaga kai na dubi benen, gilashin da aka fara manna masa yana ɗaukar rana kamar an kunna masa wuta daga ciki, na ce a raina, ashe kai ma. Ka yi mini addu'a, don ban san wanne ne a cikin biyun ya riƙe mini alƙalami ba.

Naka kullum,
Tsohon Safiyo

Aminina,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce.

An tsayar da aiki kwana uku. Injin ɗaga kayan ya tsaya cak, hannunsa a miƙe, unguwa ta yi shiru har ana jin tattabaru. An kira Auta gaban kwamiti sau biyu. An kawo masu awo daga waje da nasu kayan, suka auna, suka ce benen a miƙe yake sambal. Jiya aiki ya ci gaba.

Na sake hawa rufi bayan la'asar. Santimita shida, gabas. Ko dai duk sun haɗa baki, ko kuwa idon da na dogara da shi duk rayuwata ya mutu ban sani ba.

Auta ba ta zo ran Juma'a ba. Uwarta ta zuba abincinta, ta rufe, ta ajiye a gabana har ya huce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Naka,
Safiyo

Aminina Hedimasta,

Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali da jikoki. Ka gyara zama, don yau ɗalibin da ya fi ka maki a lissafi zai ba ka abin dariya na shekara.

Ran Laraba, ina dawowa daga sallar asuba, na tarar da motar Auta a ƙofar gida. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabci, ta miƙo mini hular kwano da takalma masu nauyi, ta ce in ba tsoro nake ji ba in shigo. Ka san ba a gaya mini haka.

Wani keji ne na ƙarfe yake hawa ta jikin ginin daga waje. Mai tuƙa shi, wani dattijo mai furfura kamar tawa, ya dube ni ya ce Baba, in za ka yi amai ka juya gabas, iska daga yamma take zuwa. Muka tashi. Rufin gidaje suka yi ƙasa, sannan bishiyoyi, sannan hasumiyoyi. Kunnena ya toshe. A wajen hawa na talatin na ga shirwa tana shawagi a ƙarƙashina, na ga bayanta, abin da ban taɓa gani ba cikin shekara sittin da takwas.

A hawa na hamsin babu bango sai ginshiƙai da iska. Gari duka yana kwance, fitilu suna mutuwa unguwa bayan unguwa, sauran benayen shida suna tsaye cikin hazo kamar mutane a cikin kogi. Na hango babban titin da ni na kafa turakunsa da hannuna ina saurayi, ya miƙe tun daga tasha har inda ido ya gaza, ko lanƙwasa ɗaya babu. Ban taɓa ganinsa gaba ɗaya ba sai ranar. Na riƙe ƙarfe, ba don jiri ba.

Auta ta kai ni wurin na'urarta, wata aba mai allo da ke karɓar bayani daga taurarin ɗan'adam. Ta nuna mini lambar da ke faɗin inda ƙolin ginin yake. Sifili. Ta ce mu jira. Rana ta fito, ta bugi gefen gabas. Ma'aikata suka fara isowa. Wajen ƙarfe takwas lambar ta motsa. Milimita uku, yamma. Biyar. Goma sha ɗaya. Ina tsaye a kan kankare da rodi masu nauyin da hankali ba ya ɗauka, kuma abin yana tafiya da ni a hankali, ban ji ko gezau ba.

Ta kama hannuna ta ɗora a ginshiƙin gabas, da ɗumi. Ta ja ni zuwa na yamma, sanyi ƙalau. Gefen da rana ta gasa yana ƙara tsawo, sai ginin ya sunkuya ya ba ta baya. Da safe yamma, da la'asar gabas, in ya huce ya koma tsaye. Kullum, tun ranar da ya yi tsawon da zai iya. Shi ya sa suke awo kafin fitowar rana. Hedimasta, wannan darasin shekarar farko ne. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina cire wa tef ɗin awo na ƙarfe abin da zafi ya ƙara masa, ban taɓa kawowa a raina gini ma zai yi haka ba, don mafi tsawon abin da na taɓa aunawa hawa huɗu ne. Minti biyun da ta roƙa ke nan.

Na ce mata na yi kuskure, na kuma zalunce ta. Bakina bai saba da kalmomin ba, sai da na maimaita don iska ta kwashe na farko. Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce kwana ukun nan ba ta fatan ko maƙiyinta ya gan su, kuma takardar da na kai, ni zan je in janye ta da ƙafata da hannuna. Na ce zan je. Ta ce kuma akwai wani abu. Da kwamiti ya ɗora lambobina a kan na na'urarta na ƙarfe huɗu da rabi, bambancin milimita biyu ne. Shugaban kwamitin ya cire tabarau ya tambaya wane kamfani ne ya yi wannan awo daga nisan mita ɗari biyar. Ta ce masa ba kamfani ba ne, babana ne.

Ta faɗa tana ɗaure fuska, don har yanzu ba ta gama hucewa ba, kuma tana da gaskiya. Ni dai na juya gabas kamar yadda mai keji ya ce, amma ba amai ne ya zo mini ba.

Gobe zan je hukumar. Da muka sauko na tambaye ta yaya aiki, ta ce sai Juma'a za ta ba ni amsa, don doguwa ce.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Amininka,
Tsohon Safiyo