Kafin Inji Ya Huce

Zuwa ga 'yata, uwar jikata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mahaifiyarki da duk wanda ke ƙarƙashin rufin gidan nan. Ya ƙarfin jiki, ya kwanan 'yar baƙuwa?

Hoton ya iso. Mai raba wasiƙu ya same ni ina shara, na buɗe a tsaye, sai ga ni zaune a dandaryar ƙasa ina dariya ni kaɗai. Wannan goshi namu ne, ba mai ƙwace mana shi. Kunnuwan na ubanta ne, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa su fi nawa amfani. Na nuna wa mai shagon kan kwana, na nuna wa mai wanki, har wani bawan Allah da ban sani ba na tare a hanya. Ki gaya mata ta yi miji, tsoho ne amma da sauran haƙoransa.

Ki yi haƙuri da karkataccen rubutuna. Da furfurata na shiga ajin yamma, bayan injin yankan katako ya cinye min kunnuwa, don waya ba ta da amfani ga wanda ba ya ji.

Gidan yana nan. Tun da cuta ta ɗauke ɗana, mijinki, ke kuma kika koma wajen mahaifiyarki, ni kaɗai nake kwana ina tashi a ɗakina na baya. Sashenku na gaba a kulle yake, sai in buɗe in kaɗe ƙura in mayar.

Ina so in zo in ga amaryata. Na yaye wa jar motar ubanta tampol, na wanke ta. Kin san da hannunsa ya sake mata kusan komai, har turbon nan da ya sa mata, mai tura iska cikin inji don ƙara mata ƙarfi. Ina so farkon abin da yarinyar za ta shiga ya zama nasa. Ki faɗa min ranar da ta yi muku.

Ki sumbace min ita a goshin nan.

Naki,
Baba

*

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwar girmamawa, muna lafiya. Yarinya tana ci tana barci, Mama tana gaishe ka.

Na ji daɗin wasiƙarka, kuma rubutunka yana karantuwa sarai. Ƙofarmu a buɗe take gare ka, amma ka bari sai ta ƙara ƙwari tukuna. Idan lokacin ya yi, ka hau motar haya. Hanyar tana da doguwar hawa, ga shekaru.

Baba, ina roƙonka kada ka zo da motar nan. Ba na son ganinta, ba na son jin ƙararta. In da za ka ji shawarata, da ka sayar da ita ka huta.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka

*

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da matar tawa.

Wasiƙarki ta iso bayan na riga na yi aika-aika. Ban iya jira ba. Kwana kaɗan da aika miki tawa, na wayi gari na ce bari in je in leƙa ku in juyo. Shiga motar kansa aiki ne, sai ka naɗe kamar tabarma, gwiwa a haɓa. Na saba da a-kori-kurar wurin aikinmu, wadda sai ka roƙe ta take tafiya. Wannan kuwa da ka taɓa totur sai ta nemi ta bar ka a baya.

Lafiya lau har gindin doguwar hawan da kika ambata. Nan na faɗa bayan wata babbar mota da ke jan ciki, ba halin wucewa. Ni ba na jin inji, allurar zafi nake kallo. Ta bar tsakiya, ta yi sama, ta jingina da ja. Sai tururi ta gefen bonet. Na gangara gefe, na buɗe, na kai hannu zan kwance murfin lagireto, sai wani direba da ya tsaya ya doke min hannu. Ya nuna min fuskarsa ya nuna murfin, na gane cewa da tafasasshen ruwa ya wanke min ido. Janwe ce ta dawo da ni gida, ina zaune kusa da direbanta da 'yar rigar da na saya wa yarinya a kan cinya.

Na kai ta wajen Gajere, bakaniken da yaron nan yake zuwa wurinsa. Da ya ga motar sai ya juya baya ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya matso kunnena na hagu, mai ɗan saura, ya ɗaga murya.

“Baba, wa ya aike ka? Wannan ai ba jakar kai ka kasuwa ba ce.”

Na ce, “Zance na tafi.”

Ya ce, “To ango, saura kaɗan ka dafa inji.”

Ya nuna min komai. Zaman da ta yi ya sa wani tiyo ya tsage, ruwa ya ragu, iska ta shige ciki. Ɓera kuma ya ci wayar fanka. Ga wani ƙaramin lagireto da yaron ya ɗaura a gaba don sanyaya iskar turbo, shi ne ke fara shan iska, babban ya samu ragowa. A gudu ba matsala, amma a hawa bayan babbar mota sai fanka kaɗai ke ceto. Ya sake tiyon, ya ɗaga gabanta da jak har iskar ta gama fita tana ɓulɓul, ya gyara wayar. Ya ce in allura ta sake hawa in kunna hitar cikin mota har ƙarshe in sauke gilashi, ni in dahu inji ya tsira.

Abu na ƙarshe ya ce in riƙe shi kamar sunana. In na dawo daga tafiya kada in kashe ta nan take. Turbo yana yin zafi har ya yi ja, in aka yanke masa mai a haka sai man da ke cikinsa ya ƙone ya toshe shi. Sai a tsaya, a bar inji yana juyawa a hankali na 'yan mintoci har ya huce.

To kullum da yamma ina zagaya unguwa da ita don hannuna ya faɗa, in dawo in zauna a ƙofar gida ina jira. Mai shago ya ce ko na manta yadda ake fita ne.

Na ji abin da kika ce. Na dai gaya miki ne don ki san yanzu ba za ta ba ni kunya a hanya ba.

Naki,
Baba

*

Zuwa ga 'yata,

Ina gaisuwa. Mai raba wasiƙu ya fara ɗaga min hannu daga nesa don kada in taso.

Na san na yi surutun mota ga wadda ta ce ba ta son jin zancenta. Wanda ba shi da abokin hira, in ya samu takarda ba ya sanin inda zai tsaya. Ki yafe.

Na yi tunani. Ƙarfe ne, ita kuwa yarinya jinina ce. Na ce wa Gajere ya nemo mai saye. Zan hau motar haya duk ranar da kika ce. Rigar da na saya ina jin ta kusa yi mata kaɗan.

Hoton yana jingine da kwalbar magani a gefen gadona, gefensa har ya fara lanƙwashewa.

Baba

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka, ina neman afuwar shirun da na yi. Ba fushi ba ne. Na karanta wasiƙarka ta gyaran mota har na kusa haddace ta, na rasa ta inda zan fara amsa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama. Duk yamma in ɗanka ya dawo aiki, ina jin ƙarar motar tun daga kan kwana. Sai in gyara ɗankwali in tsaya bayan labule. Zai tsaya a ƙofar gida, ba zai fito ba. Yana zaune, hannu a kan sitiyari, inji yana kunne. Ni ina tsaye, abinci yana hucewa. Kullum haka, tun satin da aka kawo ni har ranar da ya kwanta ciwo. Kai kana baya, ba ka ji, ba ka gani.

Na ɗauka shigowar ce ba ya so. Na ce a raina sai ya tattaro haƙuri kafin ya iya haɗa ido da ni. Na ji nauyin tambaya, shi kuma ka san shi, magana ba ta dame shi ba. Da wannan na yi jinyarsa, da shi na haifi 'yarsa.

Baba, don Allah ka tambayi bakaniken nan. Dole ne a yi wannan zaman, ko kuwa ganin dama ne? Ka gaya min yadda ya faɗa, kada ka gyara don ka faranta min. Kuma ka dakata da sayarwar.

'Yarka

*

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa. Ban ko karya ba na tafi garejin.

Na ce, “Gajere, zaman nan dole ne?”

Ya ce, “Ga mai son turbonsa, dole ne. Shi kuwa Oga ko da wasa bai taɓa tsallakewa ba.”

Sai ya shiga ciki ya yi ta birkita kantar kayan aikinsa, ya fito da wani ɗan kwali da ƙura ta rufe. Wata 'yar na'ura ce. In an ɗaura ta, kana iya zare makulli ka kulle mota ka tafi, inji ya ci gaba da juyawa, in ya huce ta kashe shi da kanta. Yaron nan ne ya sa a aiko masa da ita daga nesa, ba ta iso ba sai bayan rasuwarsa.

Na ce, “Me zai yi da ita?”

Gajere ya ce, “Cewa ya yi, ‘Ka samo min abin nan, na gaji. Mutum da iyalinsa a ciki, ina zaune a waje kamar maigadi.’ Har na yi masa tsiya na ce sabon aure ne ke ɗibarsa.”

Haka ya faɗa, ban ƙara ko harafi ba.

Ban san duk abin da ke cikin ran ɗana ba, ni ma bai cika buɗe min ba. Amma na zauna a kujerar nan yammaci da yawa. Mota ce mai ƙasa, katanga ta tare hagu, bishiya ta tare dama. Ba abin da ido ke samu sai tagarki, da koren labulen da kika bari.

Gajere ya ce zai ɗaura min na'urar in ina so. Ban ba shi amsa ba. Mai saye kuma yana ta aike.

Ki gaida min amaryata.

Baba

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ka sallami mai sayen. Na'urar kuma kada a ɗaura, ka taho min da ita a kwalinta.

Ka zo ƙarshen makon nan. Ka fito da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka duba ruwa, kada ka bi bayan babbar mota a hawa.

In ka iso ƙofar gida kada ka kashe inji. Zan fito da yarinya mu zauna da kai har ya huce.

Allah ya kawo ka lafiya.

'Yarka