Baitin da Ban Karanta wa Dada Ba

Watan Joishtho, farkon damina

Zuwa ga Abbana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kuma zafin Maskat bai kwantar da kai ba. Yaya bayanka da ka ce yana ciwo? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya shanye gonaki kamar kullum, ƙauyenmu ya koma tsibiri, makaranta ma sai a kwalekwale.

Abba, Malam Nirmal ya ba mu wata waƙa daga littafin aji, za mu haddace ta mu karanta a gaban kowa kafin hutu. Labarin wani yaro ne da kakansa yake koya masa tuƙin kwalekwale. Da na dawo gida na zauna kusa da mahaifinka, Dada, yana taunar ganyensa, na karanta masa. Ka san shi da tsiya. Ya ce, "Ke tsohuwa, wannan mawaƙin ko filafili bai taɓa riƙewa ba. Wa yake koya wa yaro tuƙi yana zuba masa surutu? Ƙeya ake ɗan bugawa." Na ce ai shi ya sa duk yaran da ya koya wa fito suka gudu birni. Ya yi dariya har ya ƙware.

Sai dai ban karanta masa baitin ƙarshe ba. A can yaron ya girma, ya waiwaya bayan jirgi bai ga kowa ba. Na rufe littafin na ce waƙa ta ƙare.

Akwai abin da mahaifiyata, Amma, ta ce kada in rubuta maka, don kada hankalinka ya tashi. Shekaranjiya Dada ya idar da sallar la'asar, ya naɗe darduma, ya sake shimfiɗa ta ya tayar da wata. Jiya kuma ya tambaye ni ina matarsa Dadi ta shiga ba ta kawo masa shayi ba. Abba, ina aji uku Dadi ta rasu. Na kalle shi ina jiran ya yi dariya, bai yi ba. Ko tsufa ne kawai? Ka gaya mini tsufa ne.

Amma tana gaishe ka. Allah Ya tsare mana kai.

'Yarka,
Shiuli

Watan Ashar

Abbana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka. Saƙonka ya iso ta hannun Baffa Mofiz. Ka ce in kwantar da hankalina in riƙe karatu. Ina ƙoƙari, amma karatun ne ma yake tsorata ni.

Ran Lahadi Malam Nirmal ya rubuta tambaya a allo: ina kakan ya tafi a baitin ƙarshe? Kowa ya ce mutuwa ya yi. Sai Malam ya ce mu duba da kyau, mawaƙin bai ambaci mutuwa ba, cewa ya yi, "na kira shi, ruwa ne ya amsa." Ya ce mutum yana iya tafiya alhali yana zaune kusa da kai. Ya nuna ni in yi bayani, na miƙe, bakina ya ƙi buɗewa. Rumki 'yar ajinmu ta kwashe da dariya ta ce mai baki ta haɗiye harshenta yau.

Dada ya daina ce mini tsohuwa. Wani lokaci ya kira ni Jahanara, sunan ƙanwarsa da ban taɓa gani ba. Idan ya ji an buga kwano a ɗakin girki sai ya zabura, wai masu fito suna kiransa a gaɓa. Sau biyu maƙwabta suna dawo da shi daga bakin ruwa, zaninsa jiƙe har gwiwa. Baffa Mofiz ya zo da kwaɗo ya ce a riƙa kulle shi a ɗaki idan za a fita. Ranar da aka gwada, Dada bai yi ihu ba. Ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofar a hankali yana cewa, "Jama'a, akwai mutum a ciki." Amma ta fashe da kuka ta buɗe, ta jefa kwaɗon a kududdufi. Yanzu ita da Baffa ba sa magana.

Duk sanda nake aji, kunnena yana waje. In na ga mutum ya nufo makaranta da sauri sai in leƙa in ga ko daga gidanmu yake. Ka yi mana addu'a.

'Yarka mai kewarka,
Shiuli

Watan Srabon

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Kafin komai, kowa yana raye. Ka riƙe wannan a ranka sannan ka karanta sauran.

Ran Juma'a gab da azahar Amma ta shiga maƙwabta ɗebo wuta, ni ina tsintar shinkafa. Na ɗaga kai ban ga Dada ba. Na ruga bakin ruwa na tarar ya kwance kwalekwalen Baffa, har ya tura shi. Ban tsaya tunani ba, na faɗa ruwa na kama gefen na haye. Na roƙe shi mu koma, ya ce akwai masu jiransa a kasuwa. Na yi ihu, maza duk sun tafi masallacin tsallake, ba wanda ya ji.

Ya yi ta tuƙi har gidaje suka ƙanƙance. Muna tsakiyar ruwa, ba tudu ko ta ina, sai ya ajiye filafilin a cinyarsa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, sannan ya dube ni ya ce, "Yarinya, ke 'yar wa ce?"

Abba, a lokacin ne iska ta taso. Ka san yadda ruwan nan yake idan ya fusata. Sama ta yi baƙi, igiyar ruwa ta fara dukan mu ta gefe, ruwa yana zubowa ciki. Na yi kalmar shahada. Na tabbata a nan za mu ƙare, kuma zai mutu bai san da wa ya mutu ba.

Sai na ji ya daka mini tsawa da wata murya da rabona da ita tun ina ƙarama. "Zauna a tsakiya! Ɗauki kwanon nan ki kwashe ruwa!" Ya juya kan jirgin ya fuskanci igiyar. Hannuwan nan da ba sa iya riƙe kofin shayi ba su yi rawa ba ko kaɗan. Ina kwasa ina kuka, shi kuma yana cewa, "Daina kuka, 'yar mutane. Ba a taɓa rasa yaro a jirgina ba." A haka ya kai mu cikin itatuwan nan da ruwa ya cinye rabinsu, ya ɗaure jirgin a reshe. Nan masu kamun kifi suka tsince mu bayan iska ta lafa.

Washegari aka yi karatun waƙar. Na kawo ta tiryan-tiryan har baitin ƙarshe, a nan na tsaya. Na san shi sarai, amma na kasa. Malam Nirmal ya ji labari, ya ce in zauna.

Tun ranar Dada bai sake gane ni ba. Ba ya gudu na, yana ma sakin fuska in na shigo. Ɗazu na kai masa shinkafa da kifi, na cire masa ƙaya, ya ci. Ya kira Amma ya ce, "Yarinyar nan tana da kirki. A zuba mata abinci kafin ta koma gidansu."

Har yanzu yana tambayar ka, da sunanka, yana cewa yaushe Habibur zai dawo. Kai kaɗai ka rage masa. Na san aikin, na san ba a ba da hutu da sauƙi. Duk da haka, Abba, ka zo tun yana tambaya.

'Yarka,
Shiuli