Sandar Fatsar Marwan

Unguwar Mansur,
Makka.

Zuwa ga ƙanena Salihu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kabira da yara. Yaya sanyin Kanada, yaya fama da babbar mota? Allah Ya tsare ka a kan waɗannan dogayen hanyoyi, Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar maigidana Malam ta yi sauƙi har ya koma shagon ɗinkinsa a Hindawiyya. 'Yata Ilham tana nan tana taimaka mini da suyar masa, kuma da yake 'yan Umara sun yawaita, ba ma kai hantsi ƙullu bai ƙare ba. Juma'ar da ta wuce na samu shiga Harami, na ambace ku ɗaya bayan ɗaya, na kuma yi wa Baba da Inna addu'a. Allah Ya jiƙan su.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna maimakon saƙon murya da muka saba. Ka san gidan namu, ɗaki biyu ne, ko tari ka yi na ɗayan ɗakin ya ji. Maganar kuma a kan ɗana, wato ɗanka Marwan ce, ba na so ta shiga kunnensa. Idan na gama, Ilham za ta ɗauki hotonta ta turo maka. Ina roƙonka ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta, kada ka duba ta kana tuƙi.

Ka tuna kwalin da ka aiko masa da shi ta hannun alhazanku, mai ɗauke da kifayen roba na yaudarar babban kifin nan na tafkunanku, wanda kake kira maski. Ranar da ya buɗe kwalin na ɗauka gasassun kaji ka aiko, don girmansu. Kowanne ya kai tsawon damtsena, ga ƙugiyoyi masu baki uku suna reto a cikinsa, ga idanu kamar na mai rai. Ban taɓa ganin Marwan cikin murna irin ta ranar ba. Yaron da aka haifa tsakanin duwatsun Makka, wanda bai san kogin Yawuri ba sai a bakina, sai ga shi yana shafa su yana cewa shi ma jikan masunta ne. Na yi dariya na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wallahi Salihu, har zuciyata na ji daɗi, kuma ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Alheri ka yi.

Ranar hutunsa ta farko daga aikin otal ɗin Jarwal, ya ɗauki 'yar sandar fatsarsa ya tafi gaɓar teku a Shu'aiba. Jifa ɗaya ya yi sandar ta karye gida biyu, don ba a yi ta domin irin wannan nauyi ba. Da ya dawo gida ne ya kira ka, kuka daɗe kuna magana, shi da Larabcinsa da guntuwar Hausarsa, kai kana gyara masa. Na ji kana ce masa ya nemi doguwar sanda wadda ta fi mutum tsawo ko ya ɗaga hannu, mai kaurin gindi, mai dogon mariƙi da zai iya tokarewa a hammata, bakinta ya ɗan yi laushi amma tsakiyarta ta zama kamar ƙashin baya. Ka ce ya duba rubutun da ke jikinta, zai ga iyakar nauyin da take iya jefawa. Na kuma ji ka ba shi labarin yadda maski kan biyo kifin robar har gindin jirgi, ya tsaya yana kallon mutum bai kai cafka ba, sai an yi ta juya masa shi a ruwa. Wannan labarin ya shiga ransa ƙwarai.

Da zan je Jidda sayen yadi wa Malam, sai ya ce zai kai ni, ashe da biyu ya yi. Ya ja ni shagunan kayan kamun kifi, muka shiga wannan muka fita wancan. Kowace sanda aka miƙo sai ya lanƙwasa bakinta a ƙasa, ya girgiza ta, ya karanta jikinta, ya ce ba ta kai ba. A ƙarshe muka shiga wani ɗan shago na wani dattijo ɗan ƙasar Yaman. Marwan ya fito da babban kifin robar ya ajiye masa. Dattijon ya ɗaga shi ya auna a tafinsa, sannan ya tambaya wa ake son kira da wannan. Marwan ya yi dariya ya ce babban cikinsu. Sai dattijon ya fito da sanduna biyu. Ya ce ɗayar za ta jefa wannan nauyi lafiya lau, amma idan abin da ya kama ya fi ƙarfin mutum za ta karye. Ɗayar kuwa, baƙa, mai kaurin muciya, ya ce bai taɓa jin an karya irinta ba. Ya ce da ɗansa ne, ta farkon zai ba shi. Ka san Marwan. Baƙar ya ɗauka, da na'urar naɗe zare mai girman tulun shayi, da zaren da aka ce ko rago aka rataye da shi ba zai tsinke ba. Muna fita na waiga, na ga dattijon ya biyo mu har bakin ƙofa yana kallonsa.

Daga nan duk ranar hutu sai Shu'aiba. Abin da ya fara damuna shi ne bai taɓa kawo kifi gida ba, ko ɗaya, amma kullum sai ya dawo idanunsa na ƙyalli. Ya ce mini wani abu yana biyo kifin robar, kamar yadda kawunsa ya faɗa, saura kaɗan ya kama. Sannu a hankali ya rage cin abinci, ya daina zama da abokansa a bakin titi bayan La'asar. Sandar kuma ba ya barinta a mota, a kusurwar ɗaki yake jingine ta, bakinta na taɓa rufi. Wata rana da hantsi, gida ba kowa sai ni, ina shara, na ɗaga kai na ga bakin sandar ya sunkuyo a hankali, ya tsaya, sannan ya miƙe. Fanka a kashe take, taga a rufe. Na yi a'uziyya na ce idanuna ne. Da na gaya wa Malam ya ce zafin murhu ne ya taɓa ni. Ban yi musu ba, amma na ƙudura a raina gani ya kori ji.

Saboda haka hutun da ya biyo baya na ce masa ina son shan iskar teku, ya tafi da ni. Bai so ba, amma bai iya ce mini a'a ba. Mun isa bayan Azahar, rana tsaka. Akwai wasu masu fatsa can gefe, amma na lura muna sauka suka naɗe kayansu suka matsa nesa, ba wanda ya yi mana sallama. Tekun ya kwanta lumui kamar faranti, ruwan garau, ana ganin yashin ƙasa. Babu tsuntsu ko ɗaya. Marwan ya shiga ruwa zuwa idon sawu, ya tokare sandar, ya yi jifa. Kifin robar ya tafi can nesa ya faɗa tim, kamar an jefa turmi. Ya fara naɗowa.

Salihu, ni da kai a cikin kwalekwalen Baba muka girma. Na san giwan ruwa, na san yadda kada ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, na ga dorina da idona. Abin da ya biyo robar nan ban san shi ba. Duhu ne dogo, ya fi kwalekwalen Baba tsawo, ba ƙaya a bayansa, ba wutsiyar da ke kaɗawa, kuma ruwan da ke samansa ko motsi bai yi ba. Ya taho har inda ruwa bai kai ƙugu ba, wurin da abu mai girmansa bai kamata ya iya shiga ba, ya tsaya. Marwan ya ciro robar daga ruwa gaba ɗaya, abin bai koma ba. Marwan ya taka gefe don ya gyara tsayuwa, abin ya matsa tare da shi. Ya dawo, abin ya dawo. A nan na gane ba robar yake bi ba. Maganar da Baba kan yi ta faɗo mini, kifi na ganinka mai jar koma.

Na ce masa mu tafi gida. Bai ko waiwayo ba. Ya sake sauke robar a gabansa yana juya ta a ruwa yadda ka koya masa. Ba cafka aka kai ba, karɓa aka yi, a hankali, kamar yadda babba ke karɓar abu daga hannun yaro. Zaren ya miƙe, sandar ta lanƙwashe har na ce yanzu za ta karye, ina ma addu'ar ta karye, amma ina. Sai aka fara jan sa, ba da fizga ba, kamar yadda ake jan rago zuwa kasuwa. Shi kuma bai turje ba. Ya bi. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. Na kira sunansa, na yi masa Hausa, na yi masa Larabci, kamar da dutse nake. Ban san lokacin da na faɗa ruwan da abayata ba. Na cim masa ruwa na ƙirjinsa, ni kuwa yana wuyana. Na riƙe rigarsa, sai na ji ni ma ana tafiya da ni, ƙafafuna na jan yashi. Na yi ƙoƙarin ɓamɓare yatsunsa daga sandar, kamar an ɗinke su. Ina karanta Ayatul Kursiyyu ruwan gishiri na shiga bakina. Da na rasa dabara, sai na kafa haƙorana a babban yatsansa na cije iya ƙarfina, har na ji ɗanɗanon jini. Sannan ya saki.

Sandar ba ta nutse ba. A tsaye ta tafi, bakinta a sama, a hankali, kamar wani ne ya saɓa ta yana tafiya a ƙasan ruwa, har ta ƙanƙance ta ɓace mana. Sai Marwan ya juyo ya dube ni. Ka san Hausarsa, ba ya haɗa jimla biyu bai tsoma Larabci ba, ko Umma ba ya ce mini sai Ummi. Amma a wannan lokacin ya buɗe baki ya yi mini Hausa tsantsa, irin ta bakin kogi, irin ta tsofaffin Yawuri da ni kaina na manta rabona da jin ta. Ya kira ni da sunana, Iyatu, ya tambaye ni don me na kunyata shi a gaban baƙo, alhali gaisuwa kawai aka zo yi. Daga nan ƙafafunsa suka saki. Da ikon Allah na jawo shi gaɓa, ɗaya daga cikin masu fatsar nan ya taimaka ya tuƙo mu gida, kuma har muka iso Mansur mutumin bai tambaye mu komai ba.

Ya kwana biyu da zazzaɓi. Likita ya ce zafin rana ne ya buge shi. Malam ya ce babban kifin nan ne mai cin mutane da 'yan Jidda ke kira girsh, tsoro ne ya ƙara masa girma a idona, amma duk da haka ya yi masa ruƙiyya, muna kuma ba shi zamzam safe da yamma. Marwan bai tuna komai ba daga lokacin da ya yi jifa. Da Ilham ta gaya masa abin da ya faɗa, dariya ya yi ya ce ta maimaita masa, bai gane kalmomin ba. Yanzu ya koma aiki, yana cin abinci, yatsan ya warke sai tabon haƙorana. Sauran kifayen robar na kwashe na zuba a kwandon shara na bakin titi, sai dai da na ƙirga na ga ɗaya babu, ban da wanda ya tafi da sandar, na birkice gidan nan ban gan shi ba.

To ga dalilin takardar. Ilham ta gan shi yana duba sanduna a wayarsa, kuma ya ce mata kuskurensa ɗaya ne, waccan ta yi gajarta, zai tambayi kawunsa wadda ta fi ta. Na san zai kira ka, wataƙila ma kafin ka gama karanta wannan. Don Allah, don zumuncin da ke tsakaninmu, kada ka ba shi sunan kowace sanda. Kada ka ce na hana, don zai bi ta bayan gida ya nema. Ka ce masa kayan tafki ba na teku ba ne, ka ce babu sandar da ta dace, ka ja shi da wata hira. Maganarka yake ji fiye da ta kowa. Ni ban san abin da na gani ba, kuma ba na neman sani. Allah Shi ne masanin abin da Ya halitta a cikin ruwa. Abin da na sani shi ne ƙarfina ya ƙare a ranar nan, idan aka sake ba ni da haƙoran da zan ƙwato shi.

Ina wannan rubutu yana zaune a bakin ƙofa, ya ba ni baya, yana kallon titi. Ana ta kiran La'asar bai motsa ba. Hannunsa na dama yana kan gwiwarsa, yana juyawa a hankali, kamar mai naɗe zare. Bari in ajiye alƙalamin in je in taɓa shi.

Ka gaishe mini da Kabira, ka ce na gode da man shafawar, ya karɓe ni. Ka shafa kan Nora da Abdulilah, Allah Ya raya su. Malam yana gaishe ka, Ilham ma haka. Idan ka yi waya da Yawuri ka gaishe da Gwaggo Ɗaso, amma kada ka ba ta wannan labari, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Ka sa mu a addu'a, musamman shi.

Wassalam.

Taka, yayarka,
Iyatu