Suhaib da Katunansa

Yaya Shafa'atu,

Shekara tara ke nan rabona da gida. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, ban da gwiwa.

Ɗanki Suhaib kuwa, ƙato da gemu, ya zama shehin kati. Su huɗu suke zama a wani shago a unguwar Woolwich, kowane kati da sharaɗinsa: in wane ya jefa wannan, kai ka zari biyu, in ka manta ta wuce ka. Shi ba ya mantawa. Har abokan karawarsa yake tuna wa nasu, wannan kam na yaba masa. Amma jiya da na miƙa masa waya ya gaida Inna, ko "ina kwana" ya kasa tunowa.

Kuɗin jirgin mutum ɗaya na tara. Shi zan turo muku.

Ƙaninki,
Nata'ala