A Buɗe Mana Daftarin Yaya Usmanu

Zuwa ga Shugaban Ma'aikatan Lafiya na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, sunana Maryamu, daga wani ƙauyen bakin kogi kusa da Makwar. Ƙorafi na kawo, amma rabinsa godiya ce.

Na ɗaya. Yayana Usmanu yana fama da taɓin hankali tun yana saurayi. In ciwon ya tashi sai barci ya ƙaurace masa, ya riƙa jin muryoyi, har mu kai shi asibitin birni. A da, shekara ba ta fita sai an kwantar da shi sau biyu ko uku. Hawasharsa, gonar audugar da ya gada, ciyawa ce ke morarta.

Na biyu. Sai Allah ya kawo mana wata ma'aikaciya da muke kira Sitt Nafisa a asibitin ƙauyenmu. Ta buɗe masa daftari. Duk wata sai ta ɗora shi a sikeli, ta tambaye shi: ya barci, ya cin abinci, muryoyin sun ragu, ya je gona? Ni ma takan tambaye ni, domin Yaya ko da takalmi ɗaya ya fito, lafiya lau zai ce. Da ta ga barcin ya fara raguwa sai ta sanar da likita, a gyara magani tun abin bai yi nisa ba. Damina huɗu ke nan Yaya bai kwana asibiti ba. Ya yi kumatu, ya nome gonarsa, har shi ke raba gardamar ruwa tsakanin maƙwabta.

Na uku, ga ƙorafin. An mayar da Sitt Nafisa garin Damazin, aka kulle daftarin a kabad, mabuɗi kuma kowa ya ce ba ya hannunsa. Wanda ya canje ta mutumin kirki ne, amma shi kaɗai ne, magani kawai yake miƙowa ta taga. Yanzu da gawayi nake zana kwanakin barcin Yaya a bangon madafa, kuma watan nan zanen ya ragu. Bango ba ya zuwa wurin likita, ranka ya daɗe.

Roƙona: a nemo mabuɗin, ko a ba maƙerin garinmu izini ya ɓalle makullin. A koya wa sabon ma'aikacin waɗannan tambayoyi, a ba shi mataimaki. Kuma a buɗe irin daftarin ga masu wannan ciwo a sauran ƙauyuka, mun san gidajensu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka. Na karanta wa Yaya wasiƙar nan, ya gyara mini wuri biyu, ya ce shi ma zai sa hannu tunda maganarsa ce.

Wassalam.

Maryamu Dikko
da Usmanu Dikko