Hadda Ba Ta da Lambar Shafi

Mai Wurno, kudu da Hartum, daren Laraba

Yau Duktura mai duba risalata ta majistir, wato kundin digirina na biyu, ta maido mini babi na biyu. Duk jimlar da na ɗauko daga littafin labarin Ingilishin da nake nazari, ta ja mata layi: "Wane bugu? Wane shafi?"

Wane shafi kuma? Littafin yana ɗakin da na bari a Hartum ranar da muka gudu saboda yaƙi, in ma ɗakin yana nan. Daga kaina na rubuto jimlolin. Na haddace su yadda Baba ya koya mana hadda a allo.

Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Ki faɗa mata mu a ka muka taho da ilmi daga Sakkwato." Na yi dariya don kada in yi kuka gabansa.

Abin da ya fi ci mini rai, Duktura tana da gaskiya. A bincike, abin da wani ba zai buɗe ya gani ba, ba hujja ba ne. Na goge su duka, babin ya koma shafi biyu. Har yanzu suna kaina daram, sai dai ba mai tambaya.